Yadda ake tada tsohuwar mota bayan ta kwashe hunturu a gareji

Da zarar Maris ya zo ƙarshe a nan Ingila, motocin kansila sun daina watsa gishiri a titi, rana ta ɗan fara leƙowa, sai kaga duk mai tsohuwar mota hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Gishirin nan da ake zubawa saboda ƙanƙara shi ke cinye ƙasan mota, shi yasa masu Fijo 504 da Marsandi W123 da Bitil da ire-irensu suke kulle su a gareji tun Oktoba ko Nuwamba, sai Afrilu a fito da su. Wata biyar kenan ko shida mota tana tsaye wuri ɗaya cikin sanyi da laima. Toh abin da nake gani duk shekara wajen 'yan'uwanmu da suka shigo harkar nan sabo-sabo, musamman masu sayen 504 saboda tuna gida tunda da ita muka tashi, ta Kaduna da aka fara haɗawa a 1975, shi ne mutum ya buɗe gareji ya yaye tampol ya faɗa ciki ya murɗa makulli. Dan Allah ka bar makullin nan a aljihu tukuna, sai an yi wajen awa biyu ana aiki kafin a zo kansa.

Fara da durƙusawa ka leƙa ƙarƙashinta da tocila. Duk abin da ya ɗiga a wata biyar yana nan a kan siminti yana jiranka, baƙin mai baƙi ne, ruwan lagireto shuɗi ko kore, man birki kuma zaka ganshi ta cikin taya ya zubo kamar hawaye, wannan na ƙarshen in ka ganshi to yau babu fita. Sai ka ɗaga bonet ka nemi aikin ɓeraye, don garejin nan duk sanyi su ma mafaka suke nema. Buɗe gidan filtar iska, can suka fi so, zaka iya tarar da yagaggen soso na kujera da kashinsu baƙi-baƙi kamar shinkafa. Ka bi wayoyi da hannu ko sun ci roba, ka leƙa bakin salansa, in kuma kai ne ka toshe shi da tsumma lokacin ajiya to ka cire.

Batir ba sai na tsaya dogon bayani ba. Mita ta nuna maka bolt 12.6, lafiya lau. Ƙasa da 12.4 ka sa shi a caji ya kwana a hankali, in kuma ya sauka ƙasa da 12 ya jima a haka to yawanci ya riga ya tafi ko da ya karɓi cajin yau. Ni bana yarda da jona waya daga wata motar a tashin farko, don kik ɗin da zaka yi yau mai yawa ne, kana buƙatar batir cikakke. Goge kan batirin in ya yi farin gari, kuma wayar at, wato ta negatif mai alamar (-), ita ce ta ƙarshe wajen ɗaurawa.

Zaro gejin baƙin mai ka duba. In baka yi juye ba kafin ajiya to yau za a yi, amma bayan injin ya yi zafi. Ka sunsuna gejin, in yana warin fetur ko man ya ƙaru fiye da yadda ka bar shi to wataƙila famfon fetur ne yake zubawa cikin inji. Ruwan lagireto ka cika, ka matsa tiyo-tiyon da hannu, wanda ya yi tauri kamar itace ko ya yi lugub ka canza shi. Kuma tsofaffin motocin nan masu lagireto shuɗin ruwan nan na da suke sha, wanda ake canzawa duk shekara biyu, kar ka haɗa musu da jan nan na sababbin motoci don kawai shi ne a kusa. Fanbel ka danna da babban yatsa, ya ɗan lotsa kamar santimita ɗaya, shikenan.

Yanzu mu zo wajen da mutane ke kashe kansu, fetur.

Tun Satumba 2021 fetur na gama-gari a gidajen man Birtaniya ya koma E10, wato har kashi goma cikin ɗari etanol ne. Sabuwar mota ba ruwanta. Amma motar da aka ƙera a shekarun 1970 ba a yi robobinta don wannan ba. Etanol yana jan ruwa daga iska, in ya zauna wata da watanni a tanki musamman tankin da yake rabi, ruwan yakan rabu ya kwanta a ƙasa, kuma daga ƙasan nan ne famfo yake tsotsa. Banda haka yana cin tsohon tiyo daga ciki, yana busar da robar cikin famfon mai, yana barin wani datti fari-fari ko kore a cikin kafireto. Saboda haka buɗe murfin tanki ka sunsuna. Fetur mai kyau ka san warinsa yana dukan hanci. Wanda ya lalace warinsa kamar tsohon fenti ne ko banish, in ka zuƙo kaɗan a kwalbar gilashi zaka ga ya yi duhu kamar shayi, ka ajiye minti goma ka ga ko wani abu ya kwanta a ƙasa daban. In ya kwanta, juye tankin gaba ɗaya, babu wani maganin kwalba da zai gyara shi, kar ka ɓata kuɗinka. In kuma launi ne kawai ya ɗan canza kuma man bai da yawa, ka zo da jarka ta sabon E5, wato sufa mai lambar okten 97 ko 99 wanda etanol ɗinsa bai wuce kashi biyar ba, ka ƙara a kai ya rinjaye shi. Eh ya fi tsada, na sani, amma motar da duk shekara ba ta wuce 'yan dubban mil ba wallahi bambancin bai kai a yi magana ba. Tsohon man kuma kar ka zuba a kwata, nan ba a yin haka, ka tambayi wajen zubar da shara na kansilarku ko suna karɓa.

Sai tiyon fetur, kuma nan nake so ka ɓata lokaci. Ka bi shi tun daga tanki har kafireto, duk inda roba take ka lanƙwasa ta da yatsu ka haska tocila. Daga nesa zaka ganshi baƙi sumul, kana lanƙwasawa sai ƙananan tsaga su buɗe baki. Masu saƙar zare a waje sun fi mugunta don zaren yana ɓoye tsagar, sai dai kaji ɗanshi a hannu. Akwai ɗan guntun da ke saman tanki ko bayan taya wanda kowa yake mantawa saboda sai an kwanta a ƙasa, shi ne yawanci ya fi kowanne tsufa. In zaka saya ka nemi wanda aka rubuta R9 a jikinsa, kuma a wajen mai sayarwa na kirki don jabu sun yi yawa a intanet, ka sa kilif sababbi. Duka-duka kuɗin bai kai na cika tanki ɗaya ba. Motar Bitil ma ta fi kowa buƙatar wannan, tiyonta yana wucewa ne kusa da distributa a inji mai zafi, gobararta sananniya ce.

Toh yanzu kik, amma ba don ta tashi ba. Wata biyar duk baƙin mai ya gangara ƙasa, saman injin a bushe yake. Cire fulogai duka, a 504 suna can cikin rami mai zurfi sai da doguwar sifana, ka hura ramin kafin ka kwance kar ƙasa ta faɗa ciki. Ɗiga ɗan baƙin mai kamar ƙaramin cokali a kowane rami, cire ƙaramar wayar da ke kai wuta kwayil, sannan ka yi kik daƙiƙa goma ka huta rabin minti, ka sake, har fitilar mai ta dashbod ta mutu. Tunda babu fulogi injin zai juya da sauƙi ba tare da nauyi ba, kuma wannan juyawar ita ce zata sa famfo ya cika kafireton da ya bushe, kaga jifa ɗaya tsuntsu biyu. Kana yi wani yana tsaye yana kallon tiyo da kafireto ko wani wuri zai jiƙe. Wani lokacin allurar cikin kafireto takan maƙale, sai kaga fetur yana ambaliya ta sama, ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukudireba yakan sake ta, in bai saki ba sai an buɗe.

Abin da bana so in gani shi ne ɗabi'ar nan tamu ta garejin makanikai a can gida Najeriya, a cire filtar iska wani ya riƙe gorar fetur yana tsiyayawa a bakin kafireto wani yana kik, wasu ma da baki suke zuƙa su fesa. Injin da ya daɗe a ajiye yana yawan yin atishawa ta kafireto, wuta ta fito ɓal ta kama gorar da ke hannun mutum, shi kuma da firgita sai ya yi jifa da ita. A gida aƙalla a fili ake yi ga ƙasa nan a ɗiba a watsa, nan kuwa gareji ne ɗan tsukuku manne da gidan da iyalinka suke ciki. In dole sai ka ba ta, rabin murfin kwalba ya isa, ka zuba, ka mayar da filta, ka kai gorar waje, sannan a yi kik. Kuma tura motar waje tukuna, abin kashe gobara yana kusa da ƙafarka ba a cikin but ba.

Mayar da fulogai da wayar kwayil, ja cok, taka totur sau biyu, bismillah. In tana juyawa ba ta ko tari to kusan kullum kwantak ne, ƙarafan nan biyu da ke buɗewa suna rufewa a cikin distributa, ya yi tsatsa, buɗe hular distributa ka goge laimar ciki, ka zura siririyar sanfefa tsakanin bakin kwantak ɗin sau biyu uku sannan ka bi da farar takarda mai tsabta. In ta tashi kar ka ba ta wuta, na san daɗin ƙarar amma ka daure, idonka a kan fitilar mai, in ba ta mutu ba cikin 'yan daƙiƙu kashe nan take. Hayaƙi shuɗi na minti kaɗan man da ka ɗiga ne, ƙaf-ƙaf ɗin sama ma zai lafa. Bar ta a silo har ta yi zafi, sa mita a batir ka ga wajen 14, ka sake leƙa ƙasa.

Birki. Taka feda da ƙarfi ka riƙe rabin minti, in tana nutsewa a hankali akwai matsala, ba fita. Man birki yana shan ruwa, in ya wuce shekara biyu ko ya yi baƙi a juye a yi bulidin, wato a fitar da iskar da ke cikin layin birki. Wanda ya ja birkin hannu ya bar shi duk hunturu zai iya tarar da tayar baya ta kame, sake shi ka girgiza motar gaba da baya, yawanci zaka ji ƙas ta saki, baɗi kuma ka sa mata waigi kawai. Kulocin ma yakan manne, ka taka amma giya ta ƙi shiga sai gurnani, kar ka tilasta, bari injin ya yi zafi sosai ka kashe, ka sa giya ta biyu, ƙafa a kan kuloci ka yi kik a wurin da babu komai a gabanka, zata zabura sannan ta saki. Taya ka ba ta iska, ka duba lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefenta, su ke nuna lokacin da aka yi ta, 2314 na nufin sati na 23 na 2014, in lambobi uku ne ma tun kafin 2000 aka yi ta, ni dai tayar da ta wuce shekara goma bana hawa ko da zanenta sabo fil.

Takardu kar ka manta, in ka yi mata SORN, wato sanarwar cewa ka ajiye ta ba ta hawa titi, sai ka sake yin haraji a DVLA, hukumar rajistar motoci, kafin ta taka titi, ko da ta wuce shekara arba'in tana ajin tarihi da ba a biyan ko sisi, dole dai a yi rajistar, kuma inshora ta zama tana aiki. MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, an ɗauke wa irin waɗannan in ba a yi musu babban sauyi ba, amma ni ina kai tawa duk da haka, ido biyu sun fi ɗaya kuma suna da abin ɗagawa. Fitilu, sigina, waifa, ham, ka gwada. Fitar farko zagayen unguwa ne a hankali kana tattaka birki ya goge tsatsar, ka tsaya ka kai hannu kusa da kowane wili, wanda ya fi sauran zafi birkinsa yana kamawa. In komai lafiya ka yi tafiyar rabin awa ko fiye don laimar cikin inji da salansa ta ƙone, ka dawo ka yi juyen baƙin mai da filta tun yana da zafi, gobe da safe ka sake leƙa simintin da ta kwana a kai.