Yadda na gyara pikop ɗin wuyan jitata da yake fitar da sauti a dushe

Jama'a matsalar ita ce pikop ɗin wuya, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a kusa da wuyan jita, hambaka ne (mai koyil biyu, wato naɗin waya biyu), in na kunna sai ka ji sautin kamar an lulluɓe sifika da bargo, bes ya yi yawa, in muna rihazal a Agege ko kaina ba na ji cikin ganguna.

Kafin kashe kuɗi na fara da na banza, na sa sabbin tsirkiya don danshin Legas ba ya barin ƙarfe ya daɗe, sannan na ɗau sukurudireba na sauke pikop ɗin ƙasa kaɗan musamman ɓangaren tsirkiya masu kauri, na ɗago ƙananan sukurorin da ke kansa. Ya ɗan washe amma da saura.

Da na buɗe bayan jitar ashe pot ɗin bolum, wato abin da ake murɗawa a ƙara ko a rage sauti, 250k ne (k ɗin kilo-ohm ne, ma'aunin yadda yake tare wuta), shi kuwa da singil koyil (pikop mai koyil ɗaya) ya fi dacewa, hambaka 500k take so, don ƙaramin pot yana shanye siririn sauti. Na shiga kasuwar Alaba na sayo pot 500k da kafasita (ɗan abin da ke tace siririn sauti) mai 0.022 maikrofarad, wani mai gyaran rediyo a layinmu ya yi min soda. Wallahi kamar an canja jita.

Daga baya dai na canja pikop ɗin ma. In za ka saya nemi mai ƙarancin naɗin waya, wajen 7k zuwa 8k in an auna da mitar gwajin lantarki, irin Seymour Duncan Jazz, masu yawan naɗin nan da ake kira masu zafi duhun sauti suke ƙarawa a wuya. Kuma ka tafi da mitarka kasuwa, jabu sun yi yawa.