Yadda za ka tada himmarka ka riƙe linzamin ranka

Ɗan uwa, akwai wani abu cikin mutum da ba shi barin shi zamna wuri guda, kullum shina son ya hi yadda yake jiya, malamanmu na zaure himma suke ce mishi. Wani masanin falsafa Bajamushe, Nietzsche, da ya mutu 1900, shi ma ya yi magana kan wanga ƙarhi, ya ce mafi girmanshi shi ne mutum ya rinjayi kanshi. Sai dai shi ya cire Allah daga lissahi, mu ko nan Sakkwato ba mu san himmar da babu Allah ciki ba.

To ya ake yi? Hanyar Imam Ghazali, wanda ya rasu 1111, ita ta hi min sauƙi, ya ce ka ɗauki ranka tamkar abokin kasuwanci, irin wanda za ka ba jari ya tahi babbar kasuwa. Da asuba bayan salla ka gindaya mishi sharaɗi, guda ɗaya tak don Allah, kar ka ce yau zan bar TikTok in sauke Alƙur'ani in fara motsa jiki duk lokaci guda, wallahi kahin azahar ka watsar. Ka ce yau ba ni taɓa waya sai na karanta shahi biyu, ko yau ba ni cin naman kowa a majalisa, shi ke nan.

Da rana sai tsaro, muraƙaba ke nan, kuma nan aikin yake, don nafsu ammara, wato zuciya mai ingiza mutum ga mugun abu, wadda anka ambata cikin Suratu Yusuf, ba ta zuwa da ƙarhi, lallashi takai, ga zahin Afrilu ya wuce digiri 40, an ɗauke wuta, ta ce haba bari sai gobe mana. In ka ji "sai gobe" ɗin nan, tashi ka yi ko rabin abin ne nan take.

Da dare kahin ka kwanta ka yi hisabi, riba ko hwaɗuwa. In ka saɓa, ka ci kanka tara, naira 200 sadaka ga almajiri ko nahila raka'a biyu, kuma ka biya daren nan ba bashi. In ka cika, kar ka yi gaggawar ƙara sabon sharaɗi, bari wanga ya yi kamar sati biyu ya zamna tukuna.