Darasi na 9: Ciwon Hannu Bayan Buguwar Wuya

Karanta wannan labari a hankali.

Wani manomin shinkafa a fadamar Argungu ya ɗaura buhu biyu a babur zai kai kasuwa. Babur ya faɗa rami ya watsar da shi, kansa ya fizgu baya, ya dawo gaba. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ba jini, ba karaya. Aka ce masa, "Allah Ya kiyaye gaba," ya hau abinsa ya wuce.

Bayan kwana uku wuya ya sanƙare, ko sallame salla sai ya juya har da kafaɗa. Sai zugi ya gangaro daga kafaɗar dama zuwa gwiwar hannu. Babban yatsa da manuni suka sage, kamar kiyashi na tafiya a ciki. Ran nan yana alwala buta ta suɓuce masa.

Maiɗakinsa ta ce, "Malam, sanyi ne ya kama ka." Ƙanensa ya ce, "Yaya, bari in kira wanzami ya sa maka ƙaho a dantse." An yi ƙaho, an shafa man zafi, hannu na nan yadda yake. Ba wanda ya tuna da faɗuwar babur, tunda hannun bai bugu ba.

Ina tushen ciwon?

A wuyan mutum akwai ƙasusuwa 7, ɗaya a kan ɗaya, da guringuntsi mai taushi a tsakaninsu kamar gammo. Laka ta bi ta tsakiyarsu daga ƙwaƙwalwa zuwa baya. Jijiyoyin da ke kai ji da ƙarfi zuwa hannu daga lakar suke fitowa, ta ƙananan kafofi a gefen ƙasusuwan.

Duk mai noman rani ya san wannan: idan aka taka tiyo a bakin injin ban-ruwa, shinkafar can ƙarshen gona ce ke bushewa. Haka jijiya take. Idan guringuntsi ya goce ko kumburi ya danne ta a wuya, can a hannu ake jin abin. Har yatsun da suka sage kan nuna wa likita inda matsalar take: babban yatsa da manuni jijiyarsu daban, ɗan ƙaramin yatsa tasa daban, ta ƙasa da ita. Kumburi kuwa ba ya tashi nan take, shi ya sa mutum kan kwana ɗaya ko biyu lafiya lau kafin ciwo ya bayyana.

Ba hannu kaɗai ba. Wani yakan sami ciwon kai da ke farawa daga ƙeya, ko jiri, ko ƙara a kunne, ko rashin barci, ko mantuwa da saurin fushi. A gida sai a ce iska ce ko jifa. Kafin a kai can, a tambayi mutum ko ya faɗi kwanan nan, ko kaya mai nauyi ya turguɗe masa a ka.

Abin da ba a kwana da shi

Idan ƙafafu suka rasa ƙarfi ko tafiya ta zama tangaɗi, ko hannuwa biyu suka sage tare, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace ko suka ƙi fita, laka ce ta taɓu. Haka kuma gaggawa ce in baki ya karkace, magana ta harɗe, ko ana ganin abu biyu-biyu. A tafi asibiti a ranar: Asibitin Sa Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi. Idan aikin ya fi nan, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa da laka. Kada a goya shi a babur. A kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, kada ya langaɓe.

Ciwon hannun hagu da nauyin ƙirji da gumi kuma, wannan zuciya ake zargi, shi ma gaggawa ne.

Maɗori ya san karayar hannu da ƙafa, ba a raina masa. Amma wuya ba wurin ja da murɗawa ba ne. Murɗa ɗaya na iya kwantar da mutumin da ya zo da ƙafarsa.

A gaban likita

Fara da faɗuwar, ko da ta yi wata biyu. Faɗi ranar, da yatsun da suka sage, da abin da ke ƙara ciwon, kamar tari ko ɗaga kai. Idan hoton ƙashi ya fito lafiya, ba ƙarya kake yi ba. Ƙashi yake nunawa, jijiya da guringuntsi sai hoton MRI, na'urar da ke nuna sassan jiki masu taushi.

Yawancin masu wannan ciwo kan sami sauƙi cikin makonni ko 'yan watanni ba tare da tiyata ba. A ajiye ɗaukar kaya a ka, a rage tsayin matashi, a riƙa juya wuya a hankali yadda ma'aikacin gashin ƙashi ya nuna. Takalmin wuya, wato abin da ake ɗaura wa wuya don a tallafe shi, ba a daɗewa da shi sai likita ya ce. Maganin zafin da ake saya a kemis, irin diclofenac, yana cin ciki da ƙoda in an yawaita, tramadol kuwa kama mutum yake.

Aiki

1. Ƙasusuwa nawa ne a wuya? Rubuta da lamba, ka rubuta da kalma.
2. Me ya sa ƙahon da aka yi a dantse bai yi amfani ba?
3. Rubuta jimla uku da manomin nan zai faɗa wa likita.