Kafin ku sayi agogon gudu

Jama'a, kada ku yi gaggawar sayen agogon Garmin, mai auna nisa da saurin gudu, tun ba ku saba da gudun ba. Wayarku ta wadatar: manhajar Strava ko Nike Run Club za ta auna muku nisa da sauri kyauta.

Kuɗin, ku zuba shi a takalmi. Ku gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ku bar tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsun ƙafa, in ba haka ba farce zai ji jiki. Bayan kilomita 500 zuwa 800 laushin ƙasansa ya mutu, ko da samansa yana sheƙi, kuma Strava tana iya ƙirga muku kilomitocin da takalmin ya yi. Rigar auduga kuwa gumi take riƙewa har ta goge fata, ku nemi mai saurin bushewa.