Yadda ake samun gurbin karatun aikin jinya a Kano, da inda sakamakon jarrabawa ke kayar da mutum

Da yawa daga cikin masu neman makarantar nas-nas a Kano sun riga sun faɗi tun kafin su sayi fom, su ne dai ba su sani ba. Wani takardar NECO ɗinsa ce ta kayar da shi, wata kuma zaɓin da aka yi mata ne a cibiyar cike fom ranar rajistar JAMB. Sai a gama kashe kuɗin fom da na mota da na hoto, sunan bai fito ba, a koma gida ana cewa ai sai mai hanya. To kafin a kai ga maganar hanya, a duba takardu tukuna.

Da farko, san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa

Ƙofofi biyu ne manya. Akwai ta jami'a, kamar sashen nazarin aikin jinya na Jami'ar Bayero, inda ake shekara 5 a fito da digiri, sannan a yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti kafin bautar ƙasa. Akwai kuma ta kwaleji: kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jihar Kano mai makarantu a cikin birni da Madobi da Dambatta, da kuma makarantar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. A da, shekara 3 ake yi a irin waɗannan makarantu kuma ba ruwansu da JAMB. Yanzu an koma tsarin ƙaramar difloma da babba, ND da HND, shekara biyu-biyu, kuma ta JAMB ake shiga. Wanda yayarsa ta yi karatun shekara goma da suka wuce, ya ji shawararta a kan ladabi da juriya, amma kada ya bi ta a kan tsarin shiga.

Makarantar koyon tsafta da ta fasahar lafiya ba makarantun nas ba ne. Suna yaye ma'aikatan lafiya masu amfani ƙwarai, sai dai wata hukumar daban ce ke ba su lasisi. Haka nan kafin a biya ko sisi a makarantar kuɗi, a shiga shafin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, a ga ko sunan makarantar na cikin waɗanda ta amince da su, kuma a kan wane kwas. Gwamnatin jiha ta sha rufe makarantun lafiya na bogi a cikin unguwanni. Farin yunifom da allo a bakin ƙofa ba shaida ba ne.

Kiredit biyar, kuma waɗannan biyar ɗin

Nan ne ya kamata a zauna. Majalisar tana buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zaman jarrabawa ɗaya ko biyu, kada ya wuce biyu. Kiredit yana farawa ne daga C6, wato maki 50 cikin 100 a ma'aunin WAEC. D7 da E8 cin jarrabawa ne a takarda, amma a wajen aikin jinya da su da F9 duk ɗaya ne.

Za ka ga yarinya ta zo da kiredit takwas tana murna: A1 a Hausa, B2 a Addinin Musulunci, B3 a Noma, C4 a Bayoloji, sai D7 a Fiziks. Wannan takarda ba za ta shigar da ita ba. Kimiyyar Noma ba ta maye gurbin Bayoloji, Kimiyyar Lafiya ba ta maye gurbin Fiziks, kuma babu wani magatakarda da ke da ikon ɗaga ƙafa, domin ko makaranta ta rufe ido ta karɓa, akwai ranar da za a tura takardun ɗalibai zuwa Majalisa don a yi musu rajista a ba su lamba. A ranar ce ake dawo da mutum gida bayan ya ci wata da watanni yana zuwa aji, ya ɗinka yunifom, dangi duk sun ji labari. Wanda ya ce maka kawo kuɗi zan shigar da kai da D7, wannan ranar yake sayar maka.

Fiziks da Turanci su ne suka fi yi wa ɗalibanmu cikas. Na Fiziks ɗin, sau da yawa makarantar sakandaren ce ba ta da malami tsayayye ko ɗakin gwaji, sai a je jarrabawar aikin hannu ba a taɓa riƙe ma'aunin lantarki ba.

Batun zama biyu kuma ana yawan fahimtarsa a baibai. Ana iya haɗa WAEC da NECO, ko NECO ta cikin makaranta da ta 'yan waje da ake yi ƙarshen shekara. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne tsinto Turanci daga 2022, Fiziks daga 2023, Kemistiri daga 2024. Wannan zama uku ne. Saboda haka idan za ka sake jarrabawa don gyara darasi ɗaya, kada ka shiga ka rubuta shi kaɗai ka fito. Ka rubuta duka biyar ɗin da gaske. Kuɗin rajistar dai ka riga ka biya, kuma idan Allah ya taimake ka suka fito tare, ka koma mai zama ɗaya, wanda wasu makarantu ke fifitawa.

Sai abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba: kiredit biyar izinin shiga layi ne kawai. Masu neman gurbi sun ninka kujerun da ake da su, kuma makaranta ba ta da ikon ɗiba yadda ta ga dama, domin Majalisa ce ke ƙayyade mata adadin ɗaliban da za ta yi wa rajista, gwargwadon malamanta da ajujuwanta da gadajen asibitin da za a yi horo. Dole sai an jera mutane, kuma a makarantu da dama ingancin kiredit ɗin yana shiga lissafi. Kowace da nata ma'aunin, amma ɗauki wannan a matsayin misali: A1 maki 6, B2 maki 5, B3 maki 4, C4 maki 3, C5 maki 2, C6 maki 1. Mai B2 ɗaya da B3 uku da C4 ɗaya ya tashi da 20. Mai C6 huɗu da C5 ɗaya ya tashi da 6. Dukansu za su ce maka suna da kiredit biyar, kuma ba ƙarya suka yi ba. Idan makinsu na JAMB ya yi kusa da juna, ka san wanda za a kira. Shi ya sa ɗan aji biyar na sakandare ya fi kowa buƙatar jin wannan magana, don shi ne har yanzu alƙalami ke hannunsa.

JAMB: abin da za ka cike da bakinka

Kafin rajista, ɗauko katin NIN da takardar haihuwa da sakamakon sakandare ka shimfiɗa su a tabarma ɗaya. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, Aisha a wata takarda, Aishatu a wata, ko sunan kaka ya shigo a ɗaya ya ɓace a ɗaya: wannan ƙaramin abu yana tsayar da mutum a wajen tantancewa, kuma gyaransa ya fi sauƙi kafin JAMB ta ɗauko bayananka daga NIN. Layin wayar da ka nemi lambar rajista da shi ya zama naka na kanka, kuma ka adana shi. Ba layin mai kafe ba, ba na saurayi ba.

Darussan jarrabawar huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks. Babu Lissafi a nan, duk da cewa ana buƙatarsa a sakamakon sakandare. Masu gudun Fiziks sukan sa Lissafi a madadinsa, su ci maki mai kyau, a ajiye su gefe saboda haɗin bai dace da kwas ɗin ba. Kada ka miƙa takarda ka koma benci kana danna waya. Tsaya a bayan mai cikewar, karanta allon kwamfutar da idonka kafin a tura.

Makarantar da kake so da gaske ita za ka sa a zaɓin farko. Yawancinsu ba sa duba wanda ya ajiye su a na biyu, don na farkon ma sun ishe su. A nan sai ka yi wa kanka adalci. A 2025 JAMB ta sa 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 kuma na kwalejojin aikin jinya, amma wannan ƙasan rijiya ne. Digirin jinya na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi, kuma wanda ya tsaya a kusa da 200 bai kamata ya zauna jiran jami'a kaɗai ba. Da sakamako ya fito ka ga bai kai ba, je cibiyar da JAMB ta amince da ita ka canza zuwa kwaleji tun ba a rufe fom ba. Wasu na ganin wannan ci baya ne. Lasisin nas ɗin da Majalisa ke bayarwa iri ɗaya ne, kuma mai shi na iya komawa jami'a daga baya ta hanyar shiga kai-tsaye, wato Direct Entry.

Ita jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa 2, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi, jimillar maki 400. Ya kama daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Fara da Bayoloji, ka bar lissafin Fiziks zuwa ƙarshe, kuma kada ka bar tambaya babu amsa tunda ba a rage maki kan kuskure. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya biya kuɗin jarrabawar gwaji, ya fi arha a kan sake shekara.

Abu ɗaya da ke cinye masu maki mai kyau shiru: wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon sakandare, dole ya koma cibiya a ɗora sakamakon a shafinsa na JAMB bayan ya fito. Kai wa makaranta kwafi bai wadatar ba. Idan babu shi a CAPS, wato shafin da JAMB ke bayar da gurbin karatu ta cikinsa, makaranta ba za ta iya miƙa sunanka ba ko da kai ne na ɗaya. Bayan an ɗora, shiga da kanka ka tabbatar darussa biyar ɗin sun bayyana da makinsu daidai.

Fom ɗin makaranta da tantancewa

JAMB ba ta wadatar ba, sai ka sayi fom ɗin makarantar, kuma daga shafinta ko bankin da ta ambata. Duk wanda ya turo maka lambar asusun mutum ta WhatsApp wai fom ne, damfara ce. Tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun da wuri, musamman ga makarantun jiha da ke la'akari da ƙananan hukumomi 44. A makarantun tarayya kuwa tsarin shi ne kashi 45 cancanta, 35 'yan yankin makarantar, 20 jihohin da aka bari a baya a ilimin boko.

Jarrabawar tantancewa daga darussan nan ne dai, da ɗan sanin al'amuran yau da kullum. Idan akwai ganawar baka, je da asalin takardu, shiga ta mutunci, ka iya faɗin dalilinka na son aikin da Turanci mai sauƙi ba tare da hadda ba. Da gurbi ya bayyana a CAPS, karɓa, ka buga takardar JAMB. Gurbin da bai bi ta nan ba, JAMB ba ta san da shi ba. Sai a shirya kuɗin rajista, da gwajin lafiya, da yunifom, a kuma riƙe karatu da kyau a zangon farko, domin Anatomi da Fisiyoloji na tankaɗe mutane kafin a tura sunaye Majalisa.