Yadda na gano ainihin kuɗin kaya kafin a ɗora harajin VAT

Makon jiya rasiti ɗaya ya cinye min kusan awa guda. Mun sayo fenti da burushi, jimilla naira 43,000, an rubuta a ƙasa cewa har da VAT a ciki, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya. Alhaji mai shago kuwa yana so a littafin shago a ware kuɗin kaya daban, haraji daban.

Tun Fabrairun 2020 harajin nan kashi 7.5 cikin ɗari ne a Najeriya. Sai na ɗauko kalkuleta na cire kashi 7.5 na 43,000, wato 3,225, saura 39,775. Hankalina bai kwanta ba, na mayar da harajin a kai in gwada. Sai ga 42,758 da 'yan kwabbai. Kusan naira 242 sun yi ɓatan dabo.

Na kira Yaya, malamar lissafi ce. Tambaya ɗaya ta yi min: "Ƙanena, a kan wane kuɗi aka yanka harajin, na farko ko na ƙarshe?"

Nan take na ga kuskuren. Harajin a kan kuɗin farko aka lissafa shi, ni kuma na cire shi daga jimillar da ta riga ta kumbura. Ashe 43,000 ɗin kashi 107.5 ne na kuɗin asali. Na raba ta da 1.075, sai ga 40,000 cif, haraji 3,000.

Kafin ta kashe waya ta ce in ragi aka yi min na kashi 10, da 0.9 zan raba in gano kuɗin asali. Na rubuta su biyun a bangon littafin.