Lamba shida da ta ci kuɗin yayata, da sauran kurakuran masu sabuwar waya

Shekaranjiya bayan la'asar wani yaron maƙwabcina a Babbar Kasuwar Katsina ya shigo shagona riƙe da waya sabuwa fil, ko ledar gilashinta bai ɓare ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, don Allah duba mani, tsohuwar ta faɗa ruwa, lambobina duk babu." Na ce to ba ni imel ɗinka. Sai ya ce, "Ai mai shagon da na saya ne ya buɗe mani, ban riƙe ba." Shi ne mutum na huɗu da ya zo mani da wannan magana tun bayan sallah. Ni ɗan kasuwar shadda ne, gyaran waya ba sana'ata ba ce, sai dai wuyar da na sha ta sa mutane suna kawo mani, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya.

Da wannan imel ɗin zan fara, don shi ya fara kayar da ni. Duk wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko Itel ko Samsung, tana neman asusun Google ranar da aka kunna ta. Mai saye yana sauri, yaron shago shi ma yana sauri, sai ya ƙirƙiro wani suna, ya sa kalmar sirrin da ta zo bakinsa, wani lokaci ma ya ɗaura asusun a kan lambar wayarsa. Haka aka yi mani. Wayar ta yi shekara uku a hannuna, har ranar da na dawo daga Daura a motar haya, na sauka na shafa aljihu na ji wayam. Kuɗin wayar bai dame ni ba kamar abin da ke cikinta: lambobin masu sarin kaya daga Maraɗi da Jibiya da Mai'aduwa, da lissafin bashin da nake bin mutane, wanda na daina rubutawa a littafi saboda na ga waya ta fi sauƙi. Na koma shagon da na saya, aka ce yaron ya bar aiki tuntuni. Akwai mutanen da har yau ban san nawa nake bin su ba. Masu tsoron Allah sun kawo da kansu, sauran kuwa shiru.

Abin da ya fi yi mani ciwo shi ne da aka bayyana mani cewa lambobin nan wataƙila suna nan ajiye a cikin asusun, mabuɗin ne kawai ba ni da shi. Don haka ka zauna a buɗe imel a gabanka, da sunanka, da layinka wanda ke haɗe da lambarka ta NIN. Kai za ka zaɓi kalmar sirri, kuma kada ka sa shekarar haihuwarka ko lambar wayarka. In za ka ajiye sabuwar lamba, ka duba ta tafi cikin asusun Google, kada ta tsaya a kan sim ko cikin wayar.

Ni yanzu ina da ɗan ƙaramin littafi mai baƙin bango a cikin akwatin da nake ajiye takardun gida. A ciki na rubuta imel, da kalmar sirri, da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lambobi 15, wadda ke fitowa in ka danna *#06#, da lambar PUK, mai buɗe layi in ya kulle, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim daga ciki. Na san masana da yawa suna hana rubuta kalmar sirri a takarda. Ban bi su ba a nan. Ɓarawon waya a tasha ba zai shiga ɗakina ya buɗe akwati ba, mantuwa kuwa kullum tana tare da ni.

Kuskure na biyu ya fi na farko zafi, don ba ni kaɗai ya ci ba. Wani dare bayan isha'i aka kira ni. Muryar dattijo, Hausa tsantsa, sallama cikakkiya. Ya ce, "Alhaji, daga zauren tsofaffin ɗalibai ne, za mu yi taro ta intanet gobe, mun turo maka lamba shida ta shiga, karanto mani in sa sunanka." Ya ambaci sunan makarantarmu daidai. Saƙo ya shigo, na karanta mashi. Ko minti biyar ba a yi ba WhatsApp ɗina ya fita. Na ɗauka matsalar sabis ce, na kwanta.

Da asuba yayata ta kira. Ta ce, "Ɗan'uwa, ya jikin yaron? Ka ga abin da na turo? Ka yi haƙuri ba yawa." Gabana ya faɗi. Na ce, "Yaya, wane yaro?" Ashe cikin dare an bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya da sunana da hotona, ana cewa ɗana yana asibiti, asusuna ya sami matsala, a tura ta wannan. Kuɗin adashinta ne da ta ɗauka a satin. Na biya ta daga baya, ta ƙi karɓa sai da na haɗa ta da Allah, amma har gobe in na tuna muryarta a wannan asubar sai raina ya ɓaci.

Ku saurara da kyau, musamman ku iyayenmu da ƙannenmu mata da ke cikin zaurukan islamiyya da na biki. Lamba shidan nan ita ce mabuɗin da WhatsApp ke turowa duk lokacin da wani ya yi yunƙurin buɗe asusunka a wata waya. Babu taron da ake shiga da ita, babu tallafin da ake rabawa da ita, ko wanda ya kira ya ce shi shugaban zaure ne. A jikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa, amma wa ke karantawa? Mun iya zama mu saurari saƙon murya na minti goma a kan rigimar da ba ta shafe mu ba, layi biyu da ke tsare mutuncinmu kuma mun kasa dubawa. Wannan sakaci ne, kuma na yi shi, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi.

In ta riga ta faru, kada ka tsaya jimami. Sake shigar da lambarka a WhatsApp, za a turo sabuwar lamba shida ta saƙon tes, kana sa ta an fitar da ɓarawon. In ya riga ya ɗaura tasa lambar sirrin, sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Kafin nan ka kira 'yan'uwa da baki, ka sa a yi sanarwa a zaurukan da kake. Rigakafin kuwa bai kai minti biyu ba: shiga saiti, ka shiga wajen asusu, ka kunna tabbaci mai mataki biyu, ka zaɓi lamba shida taka ta kanka, ka haɗa da imel. Ni duk wanda ya kawo mani waya, ko caji ya zo roƙo, ba ya fita sai mun kunna wannan.

Sim ɗin kansa ma a sa mashi lambar sirri. Ɓarawo ba ya wahalar buɗe wayarka, zare layin yake yi ya sa a ƙaramar waya, saƙonnin banki su riƙa zuwa hannunsa. Sai dai a kula, in aka yi kuskure sau 3 layin zai kulle ya nemi PUK, abin da ya sa na ce a adana katin. Kuma layin da ka yi rajistar banki da shi, kada ka jefar da shi a durowa wata da watanni, kamfani na iya sayar wa wani.

Sauran ƙanana ne. GB WhatsApp da 'yan'uwansa ba na kamfanin ba ne, ana rufe asusu saboda su, a goge. Kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, shi ke cinye data ya cika waya. Takardar makaranta ko ta neman aiki a tura ta a matsayin fayil, in ka tura a hoto sai ta dushe. Ɗalibai masu kai aiki shagon buga takardu, ku mayar da shi PDF kafin ku fita daga gida, in ba haka ba shafukan su watse a kwamfutar mai shago. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, babu dalilin rubuta ƙasa ta koma kasa. Hoton alat kuma ba kuɗi ba ne, ban miƙa ko yadi ɗaya sai na buɗe asusuna na gani.

Labarin an kai hari ƙauye kaza, ko an ga baƙin mutane a hanya kaza, wannan ba na sa shi cikin ƙanana. A jiharmu irin wannan saƙo yana hana mutum barci, yana tayar da kasuwa, kuma sau da yawa tsohon bidiyo ne daga wata ƙasa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike in labari ya zo. Ni in ban kira wanda ke garin na ji daga bakinsa ba, a wayata saƙon yake mutuwa.

Ajiyar hirarrakin WhatsApp a asusun Google ita ce abin da nake dubawa duk Juma'a in na dawo daga masallaci. Google yana ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp a Android cikin wannan take cin wuri, don haka in ya cika sai ta tsaya ba ka sani ba. Na cire bidiyo daga cikinta, na bar rubutu da hotuna. Lissafin bashi kuwa na mayar da shi littafi, kowane dare in ɗauki hoton shafin in tura wa babban ɗana.

Yaron maƙwabcin nawa mun buɗe mashi sabon imel a nan shagon, ya rubuta a takarda da hannunsa, na ce ya kai wa mahaifiyarsa ta ajiye. Lambobin kuma ya fara tattarawa daga wayar abokansa, jiya ya ce mani ya haɗa arba'in.